Rumfar Jakuna ta Baba Siddiƙ

Duk wanda ya zauna Akokan kafin a rufe ramin haƙar uraniyom ya san Siddiƙ, ko da bai san sunansa ba. Dogo ne siriri, ba ya da yawan magana, kuma yana tafiya a ɗan sunkuye. Mutumin wani ƙauye ne kusa da Buza, a jihar Tawa. Ya zo arewa yana da shekara ashirin da biyar, bayan wata damina da ta ƙi, da niyyar ya yi shekara biyu ya koma gida. Sai da ya yi shekara talatin da ɗaya yana shiga ƙarƙashin ƙasa. Ni malamin lekol ne, wato makarantar boko, katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa a bakin gari, shi ya sa yawancin abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi.

Aikinsa a rami gyaran roba ne, doguwar robar nan mai faɗi da ke gudu a kan ƙarafa tana fito da dutse waje. In ta tsage ko ta yage, shi da abokan aikinsa ake kira su yanke, su yi faci, su haɗa baki. Hannunsa ya saba da wuƙa da basilla har ba ya buƙatar kallon abin da yake ɗinkawa. Matarsa Zinatu tana yin taliyar hannu tana sayarwa a gida. 'Ya'yansu duk sun girma, maza biyu suna Tawa, macen tana aure a Agadas.

A watan Maris na shekarar 2021 aka rufe ramin. Garin ya fara raguwa kamar ana ɗibarsa da ludayi. Kullum da safe sai ka ga babbar mota a ƙofar wani gida ana loda gadaje da katifu, yara na zaune a kan buhuna. Siddiƙ ma ya yanke shawarar komawa. Zinatu ta ɗaure tukwanenta da kwanukanta, an sami gurbi a wata mota mai zuwa Tawa, an sa rana.

Akwai wani maƙwabcinmu, Kalilu, mai sayar da ruwa a amalanken jaki. Da ma'aikata suka watse, masu sayen ruwansa suka watse tare da su. Ya sayar da amalanken, amma jakin babu wanda ya taya, don bayansa ya riga ya lalace. Ranar da zai koma Damagaram ya kwance shi daga turke, ya kora shi wajen juji, ya hau mota. Ban ga laifinsa sosai ba, ba shi kaɗai ya yi haka ba a wannan shekarar.

Kwana uku bayan nan Siddiƙ ya fita da hantsi sayen burodi, sai ya tarar da jakin a jikin wata katanga, ya lafe a 'yar inuwar da ta rage, yana taunar kwali. Mikin da ke bayansa ya kai faɗin faifai, ƙuda sun rufe shi, an shafe gefensa da baƙin man inji kamar yadda masu amalanke suka saba yi. Siddiƙ ya daɗe a tsaye. Mahaifinsa ɗan fatauci ne da jakuna, yana kai albasa kasuwanni, kuma tun yana yaro ya san yadda jaki ke sauke kai in ya fid da rai. Ya kwance rawaninsa, ya sa wa jakin a wuya, suka taho a hankali, suna tafiya suna tsayawa.

Da Zinatu ta gan su a zaure ta ajiye muciyar da ke hannunta.

"Malam, jibi ne fa motarmu."

"Na sani," ya ce. "Bari dai jakin ga ya iya ɗaga kainai, sa'annan mu tahi."

Zinatu ta kwance ƙullin tukwane, ta zaro guda ɗaya, ta ɗora ruwan zafi.

Kwana huɗu yana wanke mikin da ruwan gishiri, amma wari sai ƙaruwa yake yi. Motar ta zo ta wuce. Sai ya tuna da Madam Jeanne, wata Kirista 'yar Maraɗi da ta yi shekaru tana jinya a wani gidan likita a Arlit, garin da ke maƙwabtaka da namu, kafin ta aje aiki. Ita ce ta taɓa ɗinke masa yatsa lokacin da wuƙa ta zame masa. Ya hau kabu-kabu ya same ta a gida tana tsince wake. Da ta ji abin da ke tafe da shi ta yi dariya, ta ce ita fa ba ta taɓa jinyar jaki ba. Ya ce shi ma bai taɓa ba, amma ita ta san miki, shi kuma ya san jaki. Ta ɗauki jakar kayan aikinta ta bi shi.

Ni na riƙe kan jakin ranar. Madam Jeanne ta goge baƙin man da sabulu, ta yanke ruɓaɓɓen naman da almakashi, ta wanke, ta shafa jan magani, ta zuba zuma, ta rufe da tsumma mai tsabta. Ta gargaɗi Siddiƙ kada ƙuda ya sake sauka a wurin. Shi ya sa ya yanki wani tsohon gidan sauro ya ɗinka wa jakin riga. Mutanen unguwa suka riƙa leƙowa ta kan katanga don su ga jaki da riga. Mako shida aka yi kafin fata ta rufe. Ranar da jakin ya kwanta ya yi birgima a tsakar gida, ya tashi ya kaɗe jiki ya yi kuka, Zinatu ta ce to yanzu sai a nemi wata motar. Siddiƙ ya ce a bari a ga bayan sallah.

Abin da ya riƙe shi kuwa, ya fara zuwa bakin famfo inda masu amalanke ke layi. Yakan zauna a kan dutse yana kallo. Kowane amalanke ganga biyu yake ɗauka, nauyin kuma duk a kan ƙashin bayan jaki yake sauka, ta kan wani katako da buhu ɗaya tal a ƙarƙashinsa. Igiyar da ke ƙirji ta roba ce siririya, tana cin fata kamar zarto. Ya ƙirga jakuna goma sha tara wata safiya, goma sha huɗu suna da miki. Ya dawo gida ya ce mini aikin banza ne a warkar da baya a mayar da shi ƙarƙashin katakon da ya ɓata shi.

Sai ya zauna ɗinkin akumari, wato shimfiɗar da ake ɗora wa jaki kafin kaya. Nasa ya bambanta da wanda aka sani. Ya yi shi ɓari biyu, da rami a tsakiya, yadda babu abin da zai taɓa ƙashin baya. Soson ciki daga tsofaffin katifun da masu tashi suka bari yake yankowa, ya lulluɓe da yadin auduga. Maɗaurin ƙirji kuma ya yi shi da faɗin tafin hannu. Wani tsohon abokin aikinsa ya ce zai samo masa guntayen robar rami, sun fi ƙarko. Siddiƙ ya ƙi. Ya ce abin da ya fito daga rami ba zai ɗora shi a fatar mai rai ba, mutum ko dabba, saboda gubar uraniyom.

Masu amalanke ba su karɓi abin da wuri ba. Wasu sun ɗauka sayarwa zai yi, wasu sun ce tsoho ya rasa aiki ya fara zarewa. Wanda ya fara tsayawa ya saurare shi Alkassoum ne, wani Ba'abzine da fari ya cinye masa dabbobi ya shigo gari, yana ciyar da mutum bakwai da amalanke ɗaya. Jakar da ke ja masa amalanken tana ɗingishi, ƙirjinta ya buɗe, jini na bin igiya. Siddiƙ ya duba ta, ya ce sai ta huta mako uku ba a ɗaura mata komai ba.

Alkassoum ya dube shi ya ce, "Baba, in ta huta mako uku, mu ma mun huta da cin abinci mako uku."

Siddiƙ ya koma gida, aka kawo tuwo ya ci loma biyu ya ture. Da Zinatu ta ji dalili, sai ta nuna jakin Kalilu da ke tsaye a gindin katanga ya yi ƙiba yana kaɗa wutsiya, ta ce ga wannan yana cin dusarta a banza, a ba mutumin aro mana, ya bar tasa a nan ta warke. Siddiƙ ya faɗa mini daga baya cewa ya ji kunya da tunanin bai zo masa ba.

Washegari aka yi musaya. Sharuɗɗan Siddiƙ ba su da yawa. Ba a ɗaura jakin sai da sabon akumari, ba a dukansa, a kwance shi a ba shi ruwa in rana ta take, kuma a kawo shi kowace Juma'a da safe a duba bayansa. Juma'ar farko lafiya. Ta biyu sai ga shatar sanda biyu a cinyar jakin. Siddiƙ ya shafa wurin da hannu, bai ɗaga murya ba, ya ja jakin ya ɗaure a turke, ya ci gaba da ɗinkinsa. Alkassoum ya tsaya a rana ya fi rabin sa'a. Daga baya ya matso ya tsuguna, ya ce yashi ne ya riƙe ƙafar amalanke a hanyar bukkoki, masu sayen ruwa na jira, ransa ya ɓaci. Siddiƙ ya ce in yashi ya riƙe ƙafa, mutum ke sauka ya tura. Ya kwance jakin ya miƙa masa igiya. Ba a sake ganin shata ba.

Da jakar Alkassoum ta warke ta koma aiki da sabon maɗauri, labari ya bazu a bakin famfo. Kafin shekara ta zagayo tsakar gidan Siddiƙ ta yi kaɗan. Mai unguwa ya ba shi wani kango da masu shi suka tashi, aka kafa rumfa da tabarmi. Jakunan da aka yasar ya riƙa tsintowa, in sun murmure su zama na aro. Akwai lokacin da na ƙirga marasa lafiya shida a rumfa, na aro huɗu a waje suna aiki. Madam Jeanne takan zo Talata da Juma'a. Matan majami'arsu suka tara mata tsofaffin zannuwan gado, ta dafa su ta yayyanka na ɗaurin miki.

Ciyarwa ce ta fi wuya, don a ƙasar nan ciyawa daga nesa take zuwa. Zinatu ta bi gidajen masu fura da masu waina tana roƙon dusa. Masu lambu suka riƙa ajiye ganyen da bai sayu ba. Wani maƙeri ya raba ganga biyu ya yi komin shan ruwa. Akwai kuma masu gunaguni. Na ji da kunnena wani ya ce a majalisa, mutane na neman abin da za su ci, shi yana jinyar jakuna. Siddiƙ na wurin, yana shan shayi. Ya tambayi mutumin ko akwai famfo a gidansa. Ya ce babu. Siddiƙ ya ce to ruwan da aka dafa shayin nan ma a bayan jaki ya zo, in jakunan suka ƙare sai mu ɗauko da kanmu. Aka yi dariya aka canja magana.

Ba duka suke warkewa ba. An kawo wani farin jaki da ba shi da miki ko ɗaya, amma ya daina ci, cikinsa ya kumbura, yana kwanciya yana tashi. An ba shi kanwa, an ba shi mai, Madam Jeanne ta yi iya saninta, kwana uku ya mutu. Mai shi ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannu. Siddiƙ ya je ya roƙi wani jami'in kiwo ya zo ya buɗe cikin don a san dalili. Abin da aka ciro dunƙulen leda ne da igiyoyi, ya kai girman ƙwarya, ya yi tauri kamar dutse. Siddiƙ ya wanke shi, ya shanya, ya rataye shi a jikin ƙarfen bakin famfo. Bai yi wa kowa wa'azi ba. Masu amalanke suka riƙa juya shi da sanda suna tambayar mene ne, wanda ya sani ya faɗa wa wanda bai sani ba. Daga nan da yawa suka daina sakin jakunansu a juji in an tashi aiki.

'Yar Madam Jeanne da ke karatu a Yamai ce ta nuna hotunan rumfar ga wata likitar dabbobi mai suna Radiyya, wadda ke aiki da wata ƙungiya mai kula da dabbobin aiki. Radiyya ta yi tafiyar kwana biyu a mota ta zo da kanta. Ta zo da samfurin kayan ɗaurin jaki da aka yi a waje, masu kyau, da ƙarafa masu walƙiya. Siddiƙ ya juya su a hannu ya yaba, sannan ya tambaye ta in ƙarfen ya karye wa zai gyara a Akokan. Ta karɓi akumarinsa, ta farke ɗinkin gefe ɗaya ta duba ciki, ta ɗora wa jaki ta sa hannu a ƙarƙashi. Ta ce a ƙara tsawon baya da yatsa uku, ban da wannan ba ta da gyara. Ta mayar da nata cikin kwali.

Kwana biyar ta yi. Ta koya musu gyaran kofato, da ba da maganin tsutsar ciki gwargwadon girman dabba, da yadda ake gane jakin da ƙishirwa ta kama ta hanyar jan fatar wuya. Alkassoum ne ya fi kowa kama aikin kofato, hannunsa ba ya rawa. Kafin ta tafi ta zaunar da Siddiƙ ta ce ya faɗi abin da yake buƙata, ba abin da yake jin za a so ya faɗa ba.

"Wuƙar kofato biyu, da maganin tsutsa, da kwanon ruhi," ya ce. "Tabarma iska na ɗauke ta. In da hali kuma, ki bar muna lambar wayarki."

Ta ba su shawara su yi rajista, don ƙungiyarta ba ta iya aika wa mutum ɗaya kaya. Ni na rubuta takardun. Aka sa Madam Jeanne shugaba, don Siddiƙ ya ce shi bai iya zaman ofis ba. Kwanon rufi ya zo, magani ya riƙa zuwa duk wata uku, har tsawon shekara guda da 'yan watanni. Sai al'amura suka canja a ƙasa a tsakiyar 2023, aka rufe iyakoki, hanyar da taimakon ke biyowa ta toshe. Radiyya ta kira da kanta ta faɗa, ta ba da haƙuri. Har yanzu dai in an tura mata hoton miki ko na ido mai ruwa takan duba ta faɗi abin da za a yi.

Na yi zaton rumfar za ta mutu a lokacin. Wata Juma'a bayan duba jakuna, masu amalanke kusan ashirin suka ƙi watsewa, suka zauna a inuwar kwanon suna magana da Hausa da Tamajak. Siddiƙ na gefe yana ɗinki, ba su sa shi a ciki ba. Da suka gama, Alkassoum ya zo ya faɗa masa abin da suka yanke. Kowane amalanke zai sauke jarka ɗaya ta ruwa a komi kullum, ranar Juma'a kuma kowa zai zo da tiyar dusa ko damin ciyawa. Maganin tsutsa su za su haɗu su saya a Arlit. Wanda ya ƙi, ba a hana jakinsa magani ba, amma ba ya cikin masu samun aro. Siddiƙ ya ce wannan na ƙarshen bai yi masa daɗi ba. Suka ce ba shawararsa suke nema ba, sanar da shi suke yi.

Haka ake tafiya har yau, wani wata da sauƙi, wani wata da ƙyar. Zinatu ta je Tawa sau biyu ganin jikoki, ta dawo da buhun harawa kowane zuwa. 'Ya'yan suna ta kira a dawo gida, shi kuma yana cewa in Allah ya so. Tari yana damunsa da sanyin safiya, idonsa ma ya rage, sai Zinatu ta zura masa zare a basilla. Ya koya wa masu amalanke biyar ɗinkin akumari, biyu daga cikinsu sun fi shi sauri yanzu, ko da yake yana cewa ɗinkinsu bai da kyan gani.

A watan jiya wasu masu lambu na Tchirozérine, kusa da Agadas, suka aiko a tambaye shi ko zai zo ya nuna musu, don jakunan da ke kai musu kaya kasuwa su ma bayansu ya lalace. Rabonsa da fita daga Arlit da Akokan an fi shekara huɗu. Na raka shi tasha da akumari biyu a cikin buhu, da wuƙar kofato ɗaya, da wata takarda da Madam Jeanne ta rubuta matakan wanke miki da manyan baƙaƙe. Ya ce kwana uku zai yi. Sai da ya kwana tara.

Ya dawo da yamma da buhun busasshen tumatir da aka ba shi. Na shiga yi masa barka da hanya, na tambaye shi yadda ya baro su. Ya ce jakunansu sun fi namu ƙiba don suna samun ganye, amma kofato ya yi musu tsawo har wasu na tafiya a karkace, kuma akwai wata tsohuwa a can da ta fi mazan duka iya riƙe basilla, ita ya bar wa wuƙar. Zinatu ta kawo masa ruwa, ta ce an kawo wani jaki shekaranjiya da ƙusa a ƙafa, Alkassoum ya cire ta amma wurin ya yi zafi. Ya shanye ruwan, ya sa takalmansa, muka nufi rumfa tare kafin a kira magariba.